Fitilar Alhaji Sallau Ba Ta Samun Ƙasa

Wani mutum ne a garejinmu na bayan tasha, nan Funtuwa, ana ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ko kaza ba a yanka ba. Sunan da ake kiransa da shi a garinsu kuwa babu wanda ya sani a cikinmu, don in ka tambaye shi sai ya ce maka ai aiki shi ne sunan mutum. Ni facin taya nake yi a garejin, rumfata tana kallon bencin da yake zama, saboda haka abin da zan faɗa muku da idona na gani, in ban da ɗan wanda na ji da kunnena.

Injiniya yana da shuɗiyar obarol, rigar aikin makanikai, fes, ko ɗigon baƙin mai babu. A aljihun gaba ya soke testa, irin ƙaramar sukudireban nan da ake gwada wuta da ita. Ban taɓa ganin ya zare ta ba sai in zai sosa kunne. Aikinsa shi ne da an ɗaga bonet ya taso, ya goya hannu a baya, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce su a Legas ba haka suke yi ba. In mota ta tashi ya ce ai ya faɗa. In ta ƙi tashi ya ce ai ya faɗa.

Baki kam Allah ya hore masa. Ya ce shi ya ja wa wani jirgin ruwa waya tun daga kai har wutsiya, jirgin yana cikin tafiya. Ya ce daga ƙarar hon yake gane fis ɗin da zai mutu jibi. Ya ce akwai Baturen da ya yi kuka ranar da zai baro Legas, har da riƙe masa ƙafar wando. Mu dai muna ji muna aikinmu, don ƙaryar Injiniya ba ta hana kowa cin tuwo. Abu ɗaya ne ba ya so a ambata a gabansa, shi ne noma. Da ka ce gona sai ya tofar da yawu. Ya ce shi tsakaninsa da ƙasa sai takawa, ita ma don bai sayi jirgin sama ba ne.

Ana nan ana nan, sai so ya kama shi. Akwai wata bazawara a tsallaken titi, Lantana, tela ce mai shagonta. Injiniya ya kai mata obarol ɗinsa wai ta gyara masa aljihu. Ta duba aljihu ta ga lafiyarsa ƙalau, sai ta farke shi ta sake ɗinkewa don kada ya koma da kunya. Daga nan kafa ta samu. Kuma in faɗa muku gaskiya, a duk maganganun mutumin nan son Lantana ne kaɗai ba ƙarya ba. In yana gabanta har ƙaryar tasa raguwa take yi, jirgin ruwan nan ya kan dawo kwalekwale. Ita ma tana sonsa, ta ce tun da mijinta na fari ya sake ta ba a samu mai sa ta dariya kamarsa ba.

Sai dai aurenta ba a hannunta yake ba, yana hannun yayanta, Alhaji Sallau mai hatsi. Shi kuwa Alhaji Sallau, tun da nake ban taɓa ganin haƙoransa ba. Magana aunata yake yi kamar gero, a shafe, babu gyara. Mijin Lantana na fari ɗan zaman kashe wando ne, ita ke ɗinki shi ke ci, saboda haka Alhaji ya kafa doka guda: ba zai sake ba marar sana'a ƙanwarsa ba, ko da kuwa daga sama ya faɗo da rawani.

Alhaji yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake zuwa kasuwannin ƙauye da ita, Dandume, Bakori, ya ɗauko hatsi ya dawo da almuru. Da can fara ce. Motar ba ta da laifi sai fitilunta na gaba, waɗanda suka koyi ƙifta ido. Da magariba ta yi aka kunna su, sai ka ga ƙyaf, ƙyaf-ƙyaf, ƙyaf. Kun san kuma yadda hanyarmu take, ƙifta fitila magana ce. Direbobi suka ɗauka gaisuwa ce, kowa yana rama masa. Masu jiran mota a bakin hanya suka ɗauka fasinja yake nema, suna ta ɗaga masa hannu da kajinsu. Wani direban tanka ya ɗauka raini ne, ya watsa masa babbar wuta a ido har sai da ya sauka gefen titi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani dattijo da ya tare shi a masallaci, ya ce bai dace motar mutum mai shekarunsa ta riƙa ƙifta wa jama'a ido ba.

Za ku ce me ya hana shi kai ta wurin Ilu Rewaya, mai gyaran wutar mota na garejinmu? To, ba sa ga-maciji. Ilu ya taɓa kiran motar gwangwani a gaban mutane, Alhaji kuma ba ya mantuwa.

Ranar da Injiniya ya je gaisuwa, ya durƙusa a ƙofar siton Alhaji, wanda yake jikin gidansa. Alhaji bai tambaye shi asali ba, bai tambaye shi gari ba.

"Mece ce sana'arka?"

"Rewaya, ranka ya daɗe. Amma na manyan injuna."

"Madalla. Ga ƙarama can."

Ya nuna masa a-kori-kura da haɓa. Ya ce ya zo jibi bayan la'asar. In fitila ta daina ƙifta ido, ya turo manyansa. In ba ta daina ba, to hanyar da ta kawo shi tana nan ba a toshe ta ba.

Lantana ta ji labari, ta kira shi shago. Ba ta ɗaga kai daga keken ɗinki ba ta ce masa in bai iya ba ya je ya ce bai iya ba. Ta ce Yaya ya fi son mai tallar rake a kan maƙaryaci, kuma in ya yarda ya koyi ko facin taya ne, ita za ta jira shi. Wallahi da ni aka yi wa wannan maganar da na kama ta hannu biyu. Amma hali zanen dutse ne. Injiniya ya dafa testarsa, ya ce mutumin da ya haska teku ba fitilar kwano ce za ta gagare shi ba.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai rumfar Ilu. Kada ku ce tambaya ya je yi, Injiniya ba ya tambaya. Ya tarar da Ilu kansa a cikin wata mota, waya a baki, ya ce masa yau jarrabawa zai yi masa ya ga ko ya san aikinsa: in fitilar mota tana ƙiftawa, me zai duba? Ilu bai ko waiwayo ba. Ya ce a duba ƙwan fitilar ko ya kusa ƙonewa, a duba fis, a duba kan batir ko ya yi sako-sako ko ya tara farin gishirin nan, a duba bel ɗin caji ko ya saki.

"In duk waɗannan lafiya suke, to as ce," in ji Ilu. "Ba ta samun as. Ka ba ta as mai kyau, ka matse ta tam."

"Ka ci," in ji Injiniya. "Ka ci gaba da ƙoƙari."

Ya tafi bai san mece ce as ba. As kuwa ko ni mai faci na san ta. Wata 'yar waya ce da ake ɗaurewa da noti a jikin ƙarfen mota, ta nan wuta take komawa bayan ta gama aikinta. In ta yi tsatsa ko ta kwance, sai fitila ta riƙa kawowa tana ɗaukewa. Da ya tako rumfata ya ce mini Malam Audi, mece ce as, da yanzu 'ya'yansa suna makaranta. Amma yaya za a yi wanda ya sa Bature kuka ya tambayi mai faci?

Sai ya wuce teburin mai shayi, inda Malam Haladu yake zama, wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Ya zagaya, ya zagaya, ya ce shi da wani ne suke gardama, wai in Bature ya ce as me yake nufi. Malam Haladu ya daɗe ba a tambaye shi komai ba, ya ajiye kofi, ya gyara tabarau. Ya ce da farko ba as ake cewa ba, ya sa harshe tsakanin haƙora ya fitar da kalmar yadda masu ita suke fitarwa, har da feshin shayi. Ya ce ma'anarta ƙasa, wannan dai da muke takawa, muke nomawa. Ya ƙara da cewa ya lura masu jan wutar gida suna da wayarta, kuma koriya ce. Injiniya ya ce ai haka ya gaya wa wancan jahilin.

Mai shayi ya ce mini ya ga fuskar Injiniya ta ɗan canza. Mutum ya gudo wa ƙasa tun daga ƙauye, ga ta kuma ta biyo shi har cikin mota. Amma ya yi tunani ya ga abin da sauƙi, ƙasa dai ba ta yanke a Funtuwa ba.

Ranar aiki na rufe rumfa na bi shi, don irin wannan kallo ba a ba da saƙonsa. Ba ni kaɗai ba ne, 'yan dako da masu awo da maƙwabta duk sun taru a ƙofar siton. Alhaji yana zaune a kan buhun dawa da carbi. Aka tura motar cikin inuwar rumfa yadda za a ga haske, aka kunna. Ƙyaf. Ƙyaf-ƙyaf. Injiniya ya tsaya a gabanta, suka kalli juna, ya girgiza kai ya ce tun daga nan ya ji ciwonta.

Ya bi jerin Ilu ɗaya bayan ɗaya, amma da salonsa. Ya ciro ƙwan fitila, ya ɗaga shi sama, ya shinshina, ya mayar. Ya ciro fis ya hura masa iska kamar mai tofi. Ya ƙwanƙwasa kan batir da dutse, ƙwas-ƙwas, ya kasa kunne. Ya ja bel ɗin caji ya saki, ya ce muryarsa daidai take. Har taya ya shura, abin da ya ɓata mini rai, don wannan ɓangarena ne. Aka sake kunnawa, fitila ta ƙifta masa ido.

Sai ya miƙe, ya kakkaɓe hannun da bai yi datti ba, ya fuskanci jama'a.

"Alhaji, motarka ba ta samun as."

Akwai direbobi a wurin, na ga suna gyaɗa kai. Ni ma sai da na ce a raina to, ko dai mun daɗe muna ɗaukar alhakin mutumin nan ne? Ya ce a kawo masa kwano da ruwa a buta, kuma kowa ya ja da baya, don sirrin sana'a ba a yinsa a bainar jama'a. Ya sunkuya daidai ƙofar siton, wurin da ake awo, ya kwashi ƙasa ya cika kwanon. Da na ga haka na ɗauka tsatsa zai goge da ita, yadda wasu suke yi in babu sanfefa. Duk wanda ke wurin haka ya ɗauka, shi ya sa babu wanda ya hana shi.

Ni da nake gefe ta wajen taya, ni na ga sauran. Ya zuba ruwa ya kwaɓa ƙasar nan kamar mai shirin yaɓe. Ya cire robar da ke bayan fitilar dama, ya dunƙula ya cusa. Ya ƙara dunƙulawa ya cusa. Ya tuna Ilu ya ce a matse tam, ya sa babban yatsa ya danna har jijiyar wuyansa ta fito. Ya koma ta hagu ya yi mata haka. Gilashin ta daman ya ɗan fashe a kusurwa, nan ma ya cike shi, don Injiniya ba ya rowa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ba ni aka ce wa in gyara ba, kuma mutum yana neman aure ba a kunyata shi a ƙofar surukai. Ya mayar da roba, ya rufe bonet, ya wanke hannu da sauran ruwan butar.

"Kunna."

Aka kunna. Fitila ta kawo tar, ta tsaya cak. Muka jira ta ƙifta, ta ƙi. 

Abin da ya faru, daga baya Ilu ya bayyana mana, soket ɗin da ke bayan ƙwan ne ya yi sako-sako, laka ta danne shi ta riƙe. Sa'a dai ta fi sammako. Alhaji ya tashi, ya shiga motar, ya bi layin bayan makabarta inda gargada ta fi yawa, ya dawo ana kiran magariba da fitilu biyu a tsaye kamar na sabuwar mota. Ya sauko, ya daɗe yana kallonsu.

"Ta daina," in ji shi. "Turo manyanka Juma'a ta sama."

Jama'a, kwanakin da suka biyo baya mun sha wuya a garejin nan. Jirgin ruwan ya zama biyu. Baturen da ya yi kuka ya samu ƙane, shi ma ya yi kuka. Injiniya ya aika wa Ilu cewa in yana da lokaci da yamma ya riƙa zuwa ɗaukar darasi, ba zai hana shi ba. Ya fara bayani a teburin shayi cewa as kala-kala ce, wadda motar Japan take so daban, ta Jamus daban, kuma sai mai ido ne yake gane mai kyau. Lantana ta ɗinka masa sabuwar obarol da hannunta, har da aljihu na musamman don testa. Ranar da na ga tana auna masa kafaɗa tana murmushi, tausayinsu ya kama ni, don na san abin da ke cikin fitilar nan.

Sai ruwan shuka ya sauka. Aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Kasuwannin ƙauye suka watse, hanya ta zama taɓo, Alhaji ya ajiye a-kori-kura a gefen gida, a fili, hancinta yana kallon gabas. Rana ta fito ta gasa ta, ruwa ya sake dukanta, rana ta sake fitowa. Babu wanda ya kunna ta, babu wanda ya leƙa ta, sai ranar Juma'a da safe da Alhaji ya zagaya wurinta.

Ranar Juma'a kawun Injiniya ya iso daga ƙauyensu, wani tsoho siriri mai suna Kawu Barau, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, da goro a ƙunshe cikin ganye. Injiniya ba shi da dangi a gari, sai aka ɗauke ni da Malam Haladu cikon benci. Shi kuwa ango, kun san al'ada, ba ya zuwa wurin neman aurensa. Amma Injiniya ba zai iya nisa da inda ake yabonsa ba, ya laɓe a kwanar layin wurin mai rake, cikin sabuwar obarol.

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidan. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu-duhu. Na ga labulen zaure yana motsi, na san Lantana tana bayansa. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi shuka. Kawu Barau ya tura goro gaba zai fara magana, sai Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce kafin a buɗe goron nan yana so a kira masa Injiniya, akwai abin da yake so ya yi wa jama'a bayani a kan aikinsa. Ba a kai ga aikawa ba sai ga shi ya ɓullo, wai wucewa yake yi.

Alhaji ya ja mu gaban motar. Ya shiga ya kunna fitila. Ta hagu ba ta ce komai ba. Ta dama ta kawo, amma koriya shar. Muka matsa kusa. Cikin gilashin nan a cike yake da tsiro, sirara-sirara, sun miƙe sun jingina da gilashi suna neman rana. Ta kusurwar da ta fashe kuwa har sun leƙo waje, tsawon ɗan yatsa, iska tana kaɗa su. Wasu sun zuro kai ta ƙarƙashin bonet. Ƙasar ƙofar siton hatsi ce fa, shekara da shekaru ana awo a kanta.

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji bai yi ba, mu kuma ba mu isa mu riga shi ba.

"Injiniya," in ji Alhaji, "mene ne wannan?"

Na ɗauka zai gudu. Ina! Ya goya hannu a baya, ya leƙa, ya gyaɗa kai kamar wanda abu ya yi wa daidai.

"Alhamdu lillahi, as ta kama. Wayoyinta ne suka fito, Alhaji. Ai wayar as koriya ce, ga Malam Haladu nan a tambaye shi."

Malam Haladu ya ce shi dai koriya ya ce, bai ce mai ganye ba.

Duk wannan abin Kawu Barau bai san me ake ciki ba. Shi bai san fitila ba, bai san as ba, an dai ce masa ɗansu ya zama babban mutum a birni. Ya ratsa mu, ya tsuguna a gaban motar, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana dubawa. Ya kama tsiro ɗaya da ya leƙo waje ya murza a yatsa. Sai fuskarsa ta washe.

"Gero ne," in ji shi. "Ga dawa, ga wake ma ya yi kunne biyu. Alhaji, wannan shukar Nomau ce, ko a mafarki na san hannunsa."

"Shukar wa?"

"Nomau mana, ɗan nan. Da damina aka haife shi, ana tsakiyar noma. Tun yana ƙarami haka yake shuka, a cunkushe, ba ya ba da tazara. Na yi faɗan har na gaji. Amma hannunsa yana da albarka, ko a kan dutse ya jefa sai ta fito." Ya juya ya kalli ɗan nasu da alfahari. "Ashe ba ka bari ba, Nomau? Sai dai tana son a rage ta, in ba haka ba ba za ta yi zangarniya ba."

Daga bayan labulen zaure muka ji wani sauti, kamar an toshe baki da mayafi. Ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Injiniya ya sunkuyar da kai, karo na farko tun da na san shi. Ya zaro testa, ya kalle ta, ya mayar.

Alhaji Sallau ya kashe fitila, ya sauko, ya koma kan tabarma, muka bi shi. Ya ɗauki ƙunshin goron ya juya shi a hannu. Ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce ba zai ba marar sana'a aure ba, kuma yau a gaban shaidu ya ga sana'a da idonsa, noma kuwa ba abin rainawa ba ne, da shi yake ci. Kawu Barau ya ce wannan gaskiya ne. Injiniya ya ɗan ɗago kai, na ga rai yana dawo masa.

"Sai dai kowa ya sani," in ji Alhaji, "auren manomi sai kaka. A mayar da goro. In ya girbe abin da ya shuka, ku dawo."

Kawu Barau ya ce haka ake yi ko a wurinsu, ba a ɗaura aure da hatsi a tsaye. Ya fara lissafa wa Nomau abin da gonar take buƙata, noman fari da taki, da kuma a riƙa juya motar tana samun rana ta ko'ina.

Yana cikin bayanin ne wata akuyar maƙwabta ta zagayo ta bayanmu. Ta tsaya a gaban a-kori-kura, ta shinshina, ta ɗora ƙafafun gaba a kan bamba. Ta kama ganyen da ya leƙo ta fizga. Ɓurum, sai ga shuka ta fito da saiwarta, da curin laka, da guntun gilashi, da soket yana reto a jikin waya. Ta tsaya nan a gabanmu tana tauna, ba ta gaggawa, har ta cinye gonar tas.

Alhaji ya bi ta da kallo har ta haɗiye. Sannan ya juyo wurin mai sabuwar obarol, fuskar nan tasa ba yabo ba fallasa.

"Allah ya mayar da alheri, Malam Nomau. Bana kam ba a samu ba, sai baɗi."